Abin da Christabel Ba Ta Rubuta Ba

Christabel ta fi minti goma riƙe da biro, amma ko ɗigon tawada bai sauka a shafin da ke gabanta ba.

Littafi ne irin na 'yan makaranta, mai shuɗin bango. A saman kowane shafi akwai rana da kwanan wata. A ƙasa kuma duk abin da ya shiga bakinta a ranar, tun daga karin kumallo har 'yar gyaɗar da ta tauna a hanya. Wata huɗu ke nan tana rubuta shi, tun ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gaban 'yan aji biyar a firamaren da take koyarwa a Samaru, aka kwashe ta zuwa wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, Dakta Sati ya ce ciwon suga ne ya fara kama ta.

Shekarunta ashirin da takwas. Nauyinta a ranar kilo casa'in da takwas.

"Ki sauke kilo goma sha biyar, ki riƙa shan ƙwayar nan, za ki zauna lafiya," ya ce da ita. "Amma ki rubuta mini komai. Ni ba a gidanku nake ba, da littafin nan kaɗai zan san abin da ke faruwa a jikinki."

Ta kuwa rubuta. Faten acca da zogale. Wake da alayyafo. Tuwon alkama malmala ɗaya, ita ma ƙarama. Kilo bakwai suka tafi, har ta kai siket ɗinta na coci wurin tela aka rage.

Ba don kwalliya take wannan wahala ba. Ta ga yadda ciwon ya yi da mahaifinta, Malam Martins. Da ɗan ƙurji ya fara a babban yatsa, aka ƙare da yanke ƙafar daga gwiwa, bayan wata takwas suka binne shi. Har yau in ta rufe ido tana jin warin ɗakin nan.

Ga kuma Uzoma.

Uzoma yana da shagon kayan wuta a unguwar 'yan kasuwa ta PZ. A Sabon Gari aka haife shi, in yana Hausa ba za ka ce Ibo ba ne sai ka ji sunanshi. Shekara uku suna tare. Shekara ukun nan mahaifiyarshi, wadda duk kasuwar Sabon Gari ta sani da Mama Uzoma mai busasshen kifi, ba ta taɓa kiran Christabel da sunanta ba. Da farko cewa ta yi yarinyar ba tasu ba ce. Da ta ji labarin ciwon kuwa sai ta samu abin riƙewa.

"Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ni," haka take faɗa wa duk wanda ya je ba ta baki. "Ba zan ɗauke shi in miƙa wa jinya ba."

Shi ya sa kullum da yamma Christabel take ɗaukar hoton shafin ranar ta tura wa Uzoma ta waya, shi kuma ya nuna wa uwarshi. "Ki duba, Mama. Mace mai irin wannan kamun kai, wane ciwo ne zai kada ta?"

Yau Laraba, ƙarfe biyar na yamma. Shafin Lahadi fari ne. Na Litinin fari, na Talata fari, na yau ma haka. Ta ce da Uzoma kyamarar wayarta ce ta samu matsala. Gobe da safe kuma za su je wurin Dakta Sati, su uku.

Ranar Lahadin ne komai ya lalace.

Bayan an tashi daga sujada Uzoma ya zo da murna ya ɗauke ta, wai Mama ce da kanta ta ce a kawo ta cin abinci. Suna shiga gidan sai ga wani kawunshi da jaka a hannu, yana sauri zai kama motar Onitsha. Mama Uzoma ta ce maza ya kai shi tasha. Uzoma ya dubi Christabel, ya ce minti ashirin, ya fita.

Oluoma ce ta kawo tiren. 'Yar aminiyar Mama Uzoma ce da aka ɗauko daga garinsu wata shida da suka wuce, wai don ta taya aikin kasuwa, amma kowa ya san dalilin kawo ta. Siririya ce, doguwa, ba ta da yawan magana.

Sakwara malmala uku. Miyar agushi, manja na yawo a samanta, ga naman akuya, ga ganda. Lemon kwalba mai sanyi har yana zufa.

Christabel ta ɗaga kai ta dubi Mama Uzoma.

"Mama, na gode ƙwarai. Ɗaya ma ta ishe ni, likita ya ce..."

"A gidanmu," Mama Uzoma ta katse ta, da Hausarta ta kasuwa mai kaifi, "macen da ba ta ci abincin uwar miji ba, ba ta shigo ba. Ko ciwon naki ya kai inda ba ki iya cin abincin mutane? Ki faɗa mini in sani."

Christabel ta sake duban tiren. In ta ƙi ci, ta amsa cewa ita majinyaciya ce. Sai ta wanke hannu. Ta ci ta farko, ta ci ta biyu. Matar tana zaune a gabanta, hannu a ƙirji, ba ta ko ƙifta ido. Ta ci ta ukun tana jin kamar maƙogwaronta zai tsage. Ta shanye lemon.

Oluoma ta kwashe kwanukan, Mama Uzoma ta bi ta kicin. Suka yi magana da yarensu, sannan uwar ta ɗaga murya ta juya harshe zuwa Hausa, yadda ba za a ce ba a ji ba.

"Kin gani ko? Tas! Wai ita ce mai rage ƙiba."

Da ta fito sai ta ce, "Ranar Alhamis na ji za ki je wurin likitanki. Da ni za a je. Ina so in ji daga bakinshi ko za ki iya ɗaukar ciki ki haihu lafiya. In ya ce e, sai mu zauna. In ya yi inda-inda, ki rabu da ɗana tun da mutunci."

Da Uzoma ya dawo ya tarar an share wurin, ya tambaya ko ta ci abinci, ta ce ta ci. Bai tambayi nawa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Da ya sauke ta a bakin layinsu a Samaru, ba ta shiga gida ba. Ƙafafunta suka kai ta wurin mai suya a bakin kasuwa. Ta sayi soyayyar doya da ƙosai, ta sayi fanke, ta ƙara da lemo biyu. Ba yunwa take ji ba, cikinta ma a cike yake taf. Ta kulle ƙofar ɗaki ta zauna a ƙasa tana ci tana kuka. Muddin tana taunawa ba ta jin muryar matar nan. Da ta daina sai muryar ta dawo.

Litinin ta ce ai an riga an ɓata, bari ta fara sabo gobe. Talata ma haka ta ce. Kullum in ta tuna Alhamis sai ƙirjinta ya hau bugawa, in ya hau bugawa sai ta samu kanta a gaban mai waina.

Tun jiya kuma ƙishirwar nan ta dawo, irin wadda ruwa ba ya kashewa. Ɗazu a aji allo ya yi mata dishi-dishi. Ta san alamun. Ta cire takalmi ta duba yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta buɗe. Yayarta Clara ce, wadda suke zaune tare a gidan da mahaifinsu ya bari, riƙe da tsintsiya a hannu ɗaya, ɗayan kuma da tarin baƙaƙen ledoji masu maiƙo.

"Waɗannan a bayan buhun gawayi na same su. Na wane ne?"

Christabel ta sunkuyar da kai.

"Christabel, da ke nake."

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta zame daga kujera ta kama zanen Clara, ta faɗa mata komai, tun daga sakwara har wainar safiyar yau. Clara ta jingina tsintsiyar, ta zauna a bakin gado, ta ɗauki littafin tana juya fararen shafukan.

"To yanzu me kike jira? Rubuta."

"Yaya, in rubuta me? A gabanta fa za a buɗe. A gaban Uzoma. Wata huɗu yana nuna mata littafin nan yana alfahari da ni. In rubuta fanke takwas? In rubuta lemo biyar? Da wane ido zan kalle shi?"

"Da idon da Allah ya ba ki. Ke ce mutum ta farko da ta ci abinci ya wuce ƙa'ida?"

"Ba ki gane ba. Abin da take jira ke nan. Ta ce ni mai haɗama ce, in je in sa hannu a takarda cewa gaskiyarta ne?"

"Ni abin da na gane," Clara ta ce, "shi ne Baba ma haka ya yi. Ya ce wa likita ya daina shan shayi da sukari, alhali ni nake wanke kofin. Na yi shiru don kada in kunyata shi. Kin san inda shirun nan ya kai mu."

"Don Allah kada ki kawo maganar Baba."

"Dole in kawo. Ke kaɗai kika rage mini." Ta share ido da gefen zane. "Kuma bari in faɗa miki, ni wannan auren ya fara fita raina. Ga Brian nan, ɗan garinmu, cocinmu ɗaya, uwarshi ta san uwarmu. Sau biyu yana aiko dattawa. Bai taɓa cewa ki hau sikeli ba, ba wanda zai bi ki asibiti kamar akuyar da za a saya. Me kike nema a gidan da ba a son ki?"

"Uzoma nake nema."

"Uzoman da ya fita ya bar ki da ita?"

"Bai sani ba, Yaya. Wallahi bai sani ba. Ranar da na faɗi a makaranta shi ya rufe shago ya kwana biyu a barandar asibiti. Shi ya daina shan lemo don kada in gani in yi kwaɗayi. In na rasa shi ban san yadda zan yi ba."

Clara ta miƙe. Sannan ta ajiye littafin a cinyar Christabel, ta ɗora biron a kai.

"Ni dai na faɗa miki. Ki rubuta gaskiya. Wanda zai tsaya ya tsaya."

Ta fita ta ja ƙofar.

Ko minti biyar ba a yi ba wayar ta yi ƙara. Sunan Uzoma ne.

"Malamata," ya ce, tana jin hayaniyar PZ a bayanshi. "Kin shirya wa gobe? Kada ki ji tsoron komai. Na faɗa wa Mama, gobe bakinta zai mutu. Ki dai taho da littafinmu."

Littafinmu.

"To," ta ce.

"Muryarki fa? Kuka kika yi?"

"Mura ce."

Da ya kashe wayar, sai ta buɗe shafin Lahadi. Ta rubuta: sakwara rabin malmala, miya kaɗan, ruwa. Ta juya. Litinin, faten acca. Talata, wake da zogale. Har ta canza biro a tsakani don kada a gane rana ɗaya aka rubuta. Da ta gama ta duba, shafukan sun yi kyau, sun fi na gaskiyar ma kyau. Ta rufe littafin da sauri kamar wani abu zai fito daga ciki.

Washegari ƙarfe takwas suna asibitin. Ba ta karya kumallo ba, saboda gwajin jini. Mama Uzoma ta sha ɗaurin kanta na fita, ta zauna a benci can nesa, jaka a cinya. Uzoma na tsakaninsu, yana ta ƙoƙarin jan hira, ba mai amsa mishi.

Nas ta kira Christabel. Ta ce ta hau sikeli. Ta cire takalmi, ta cire agogo, har ɗankunne ta so cirewa. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta rubuta. Ta soki yatsanta, ta ɗiga jinin a 'yar na'ura. Da lamba ta fito, murmushin da ke fuskarta ya ɗauke.

"Kin sha maganinki kuwa?"

"Ina sha."

Nas ta rubuta lambar a kati. Ta ɗauki katin ta shiga da shi da kanta.

Dakta Sati dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Da ya ga sun shigo su uku sai ya dubi Christabel ta saman gilashinshi.

"Kin yarda a yi maganar lafiyarki a gabansu? In ba ki so, su jira a waje. Haƙƙinki ne."

Ta ji idon Mama Uzoma a gefen fuskarta.

"Na yarda, Dakta."

Ya karɓi littafin. Ya bi shafukan da yatsa, sannu a hankali. Ya koma kan katin. Ya sake komawa littafin. Fankar da ke sama tana juyawa tana ƙara, zufa na bin bayan Christabel.

"Wannan abu ya ɗaure mini kai," ya ce. "Nauyi ya ƙaru da kilo biyu. Suga kuma ya haura inda bai kai ba tun ranar da aka fara kawo ki. Amma littafi ya nuna ba ki kauce ko sau ɗaya ba."

"Ba ta kaucewa, Dakta," Uzoma ya yi caraf. "Ni shaida ne. Ko biki muka je ruwa kawai take sha."

"Abin da ya tayar mini da hankali ke nan." Dakta ya cire gilashin ya ajiye. "In mutum yana cin wannan, yana shan ƙwaya, jininshi kuma ya nuna haka, to ciwon ya fi yadda na zata. Ƙwayar ta daina riƙe shi. Zan ɗora ki a kan allura daga yau, safe da yamma. Sannan a duba ƙoda da ido."

Allura. A kan allura mahaifinta yake a watanninshi na ƙarshe.

Mama Uzoma ta gyara zama. "Likita, ni tambaya ɗaya ta kawo ni. Haihuwa fa?"

"Masu suga suna haihuwa lafiya, Mama, in an riƙe shi. Amma a yadda nake ganin nata yau, ba zan ba da shawarar ciki ba sai mun gano abin da ke faruwa. Ba zan iya ce miki wata kaza ba."

"Chineke!" Ta ambaci Allah da yarensu, ta tafa hannu sau ɗaya, ta juya ga ɗanta. "Ka ji da kunnenka? Ba ni na faɗa ba."

Uzoma bai kalle ta ba. Ya kama hannun Christabel ya riƙe gam, idonshi ya kaɗa ya yi ja.

"Ko shekara goma ne zan jira," ya ce. "Ba laifinta ba ne. Ta yi duk abin da aka ce ta yi."

Dakta ya jawo takardar magani ya fara rubutu.

Christabel ta kalli bakin biron yana tafiya. In ta yi shiru, za ta fita daga ɗakin nan a matsayin mai ciwon da ya gagari magani, amma Uzoma zai ci gaba da kallonta da wannan idon. In ta yi magana, hannun nan da ke riƙe da nata zai saki. Ta buɗe baki.

"Dakta, ka tsaya."

Biron ya tsaya.

"Ƙarya ne." Ta nuna littafin. "Daga Lahadi zuwa jiya, duk ƙarya na rubuta. Jiya da yamma na zauna na rubuta su gaba ɗaya. Ba abin da na ci ke nan ba."

Dakta ya ajiye biron.

"Christabel?" Uzoma ya ce a hankali. "Me kike faɗa?"

"Na ci, Uzoma. Na ci kamar ba ni da hankali. Doya, fanke, waina, lemo, kwana huɗu ina ci ina ɓoye ledojin. Kyamarata lafiyarta ƙalau. Tsoro nake ji. In na ji tsoro sai in ci, in na ci sai tsoron ya ƙaru. Na kasa faɗa maka. Ka yafe mini, don girman Allah ka yafe mini."

Hannunshi bai saki gaba ɗaya ba, amma ta ji ya yi sanyi.

Ta jira faɗa daga Dakta Sati. Sai ta ga ya ɗauki takardar da ya fara rubutawa ya yayyaga ta, ya jefa a kwando, ya sauke numfashi.

"Kin san abin da kika ceci kanki daga gare shi? Da na ba ki allurar nan bisa abin da ke littafin, kika koma gida kika koma cin ɗan abincinki na da, sugan zai iya faɗuwa ƙasa warwas. A aji, ko a kan titi, ko kina barci. Wasu ba sa tashi."

Christabel ta dafe baki.

"Cin kwana huɗu ba ya ba ni tsoro," ya ci gaba. "Duk wanda ke wannan fama yana zamewa, na ga ɗaruruwa. Kilo biyun nan ma rabi ruwa ne, sati biyu sun tafi. Ban ce ki rubuta don in ba ki maki ba, Malama. Ranar da kika ci da yawa ita na fi bukatar gani, don in san me ya faru a ranar." Ya tura mata littafin da bironshi. "Kada ki yage komai. Ja layi a kan na ƙaryar, ki rubuta na gaskiya a ƙasa. Yanzu, a nan."

Ta ja layin. Hawaye na ɗiga a takardar. Ta rubuta, ta rubuta, har da adadin fanken. Da ta gama ta miƙa.

Dakta ya karanta. Ya tsaya a layin farko.

"Sakwara malmala uku da lemo, a zama ɗaya. Daga nan abin ya fara. A ina ne wannan?"

Mama Uzoma ta ƙanƙame jakarta.

Christabel ba ta kalli Mama Uzoma ba. "An gayyace ni cin abinci ne, Dakta. Aka zuba mini, na kasa cewa a'a. Amma da hannuna na ci. Wanda ya biyo baya kuma ba wanda ya ba ni, ni na je na saya."

Uzoma ya juya a hankali ya dubi uwarshi. Ranar Lahadi. Sakwara. Ta ga lokacin da abin ya faɗo mishi. Ya dubi Christabel, ya sake duban uwar, leɓenshi na motsi. Sai ya miƙe, kujerar ta yi baya da ƙara, ya fita.

"A ci gaba da ƙwaya yadda take," Dakta ya ce, kamar bai ga komai ba. "Ki dawo bayan sati biyu. In kin riƙe yadda kika riƙe a wata huɗun nan, Mama, amsar tambayarki ita ce e, za ta iya."

A baranda Christabel ta samu benci ta zauna. Ta hango Uzoma can a bakin get, ya jingina da motarshi, ya ba asibitin baya.

Wani ya zauna kusa da ita. Ƙamshin busasshen kifi da turare. Ba ta ɗaga kai ba.

"Me ya hana ki ce ni ce?" Mama Uzoma ta tambaya.

"Ba a tambaye ni wa ya dafa ba, Mama."

Matar ta kalli ƙasa. Can ta buɗe jaka ta zaro hankici ta ajiye a cinyar Christabel, ba tare da ta kalle ta ba.

"Share fuskarki, mutane na kallo. Kada ki ɗauka na yarda. Ban yarda ba." Ta ja numfashi. "Amma shekara talatin da biyar ina kasuwa, na san mai ƙarya in na gan shi. Mai ƙarya ba ya tona kanshi lokacin da ƙaryar ke yi mishi aiki. Ke kin tona."

Christabel ta ɗauki hankicin ta share fuska.

"Don haka ni ma zan faɗa miki abin da ban yi niyyar faɗa ba, Christabel."

Karo na farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta. Maimakon daɗi, sai Christabel ta ji tsigar jikinta ta tashi.

"Jibi Asabar mahaifin Oluoma zai iso daga gida, shi da 'yan'uwanshi biyu. Maganar aure za a yi. An sa ranar tun sati uku da suka wuce."

"Uzoma... Uzoma bai sani ba?"

"Shi zai ɗauko su daga tasha."

Barandar ta juya wa Christabel. Ta dafa bencin da hannu biyu.

"Ya ce mini in ba shi zuwa yau," Mama Uzoma ta ce tana miƙewa, tana gyara zane. "In likita ya wanke ki, zai kira su ya ce kada su taso. In bai wanke ki ba, zai zauna ya saurare su. Ni da shi muka yi wannan alkawari. Bai faɗa miki ba, ko?"

Ta sa kai ta nufi titi, ta tsayar da keke ta shiga, ba ta ko bi ta wurin ɗanta ba.

Christabel ta miƙe. Bakinta ya bushe, rabonta da abinci tun jiya. Ta taka har bakin get. Uzoma ya ji tafiyarta ya juyo, fuskarshi a murtuke, da alama ya shirya abin da zai faɗa mata a kan ƙaryar kwana huɗu.

Ta riga shi.

"Su wa za ka ɗauko a tasha ranar Asabar?"

Makullin da ke hannunshi ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Shiga mota, Christabel. Mu je wani wuri mu yi magana."

"A'a." Ba ta matsa daga inda take ba. "Ni a gaban uwarka na faɗi tawa. Kai ma a nan za ka faɗa mini."